Yaƙin Hitila: Yadda jiragen yaƙin Birtaniya suka ratsa Arewa, da abin da ya faɗa wa ƙasar Gobir

A Sabon Birni da Isa ba sai an yi wa kowa bayanin rugugin jirgin yaƙi ba. Shekarun da aka kwashe ana fama da 'yan bindiga a gabashin Sakkwato sun koya wa yaro da babba su ɗaga kai su ga inda jirgi ya dosa, ko dazukan da ke tsakanin Isa da Shinkafi ne, ko kuwa wajen iyakar Nijar.

Sai dai ba wannan ne karon farko da yaƙin sama ya taɓa rayuwar Gobirawa ba.

A Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffi suka fi sani da Yaƙin Hitila, jiragen yaƙi fiye da 5,000 na rundunar sojin saman Birtaniya, wato RAF, sun bi ta sararin Arewacin Najeriya a hanyarsu ta zuwa Masar. Kano da Maiduguri ne manyan zangonsu. Ƙasar Gobir ba ta cikin wuraren da aka tsara musu sauka. Duk da haka yaƙin ya iske ta har gida: iyakar da ke 'yan kilomitoci daga Sabon Birni ta koma iyakar abokan gaba, sannan aka ɗebi kuɗi da amfanin gona da majiya ƙarfi daga Lardin Sakkwato.

Jirage uku a Kano

Tushen labarin ya girmi yaƙin da shekara 14.

Ranar 27 ga Oktoban 1925 wasu jiragen RAF uku ƙirar DH.9A suka tashi daga Helwan, kusa da Alƙahira. Jirage ne masu fukafukai biyu, sama da ƙasa, waɗanda akasarin jikinsu katako ne da zane. Kowanne mutum biyu yake ɗauka, kuma babu rufi a kan matuƙi, iska da rana da ƙura duk a fuskarsa suke ƙarewa. Jagoran tafiyar wani hafsa ne mai suna Arthur Coningham, haifaffen Ostireliya da ya tashi a New Zealand.

Suka bi ta Sudan, suka ƙetare Chadi, suka shigo ta Borno. Ranar 1 ga Nuwamba suka sauka a filin wasan dawaki na Turawa a Kano, a zamanin Sarki Usman, shekara guda kafin Abdullahi Bayero ya hau gadon sarauta. Wannan saukar ce ake lissafawa a matsayin zuwan jirgin sama na farko Najeriya.

A wancan lokacin gwaji ne kawai. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya mayar da gwajin kasuwanci, ya fara jigilar wasiƙu da fasinja tsakanin Kartum da Kano, daga baya ya miƙa har Legas. Filayen da aka share saboda wannan jigila ƙanana ne, na jar ƙasa, kuma babu wanda ya share su da nufin yaƙi.

Da Bahar Rum ta rufe

Watan Yunin 1940 ne ya birkita lissafi. Ranar 10 ga watan Italiya ta shiga yaƙi a ɓangaren Jamus, ranar 22 kuma Faransa ta sa hannu a takardar miƙa wuya. Birtaniya ta wayi gari tana da sojoji a Masar da ke tsaron mashigin Suez, ga sojojin Italiya a Libiya da Habasha, amma hanyar kai musu jirage ta Bahar Rum ta zama tarko. In kuwa aka ce a zagaya da su a jirgin ruwa ta ƙasan Afirka ta Kudu, tafiyar watanni ce.

Sai aka tuna da hanyar Coningham.

Dabarar ita ce a ɗauko jirage a wargaje cikin manyan akwatuna, a sauke su a tashar ruwa ta Takoradi da ke Gold Coast, Gana ta yanzu, a harhaɗa su a can, sannan a tuƙa su su ratsa Afirka. Rukunin farko na ma'aikatan RAF ya isa Takoradi a watan Yulin 1940 ƙarƙashin wani hafsa mai suna Thorold. Akwatunan farko suka iso a farkon Satumba. Kafin watan ya ƙare ayarin farko ya tashi: jirgin Blenheim guda a gaba, Hurricane shida na biye da shi.

Akwai wani mutum da in ba don shi ba da hanyar ba ta yiwu yadda ta yiwu ba. Félix Éboué, baƙar fata haifaffen Guiana ta Faransa, shi ne gwamnan Chadi. Ranar 26 ga Agustan 1940 ya bijire wa gwamnatin Vichy, wadda ta yi sulhu da Hitila, ya bi Janar de Gaulle. Da wannan mataki Fort Lamy, wato Njamena ta yau, ta buɗe wa jiragen Birtaniya, aka samu wurin shan mai a tsakiyar tazarar fiye da kilomita 1,000 da ke tsakanin Maiduguri da El Geneina a yammacin Sudan.

Kwana shida a sama

Tafiyar kusan kilomita 6,000 ce, kuma in komai ya tafi daidai kwana shida take ci. Daga Takoradi a bi gaɓar teku zuwa Legas, kimanin kilomita 600. Daga Legas a miƙe arewa zuwa Kano, fiye da kilomita 800. Daga Kano a yi gabas zuwa Maiduguri, sai Fort Lamy, El Geneina, El Fasher, Kartum, sannan a bi Kogin Nilu zuwa Masar.

Hurricane jirgin faɗa ne na mutum ɗaya. An ƙera shi ne don ya tashi ya kare sararin Ingila ya dawo cikin ɗan lokaci, ba don doguwar tafiya a kan dajin da babu alama ba. Matuƙinsa ba shi da mai duba masa taswira. Shi ya sa ake sa Blenheim a gaba, wanda ke ɗauke da mai lissafin hanya da mai waya, sauran su bi shi kamar yadda ayarin fatake ke bin madugu. Wanda ya ɓace wa madugu ya shiga uku.

Lokacin hunturu hazo kan rufe ƙasa har matuƙi ya kasa bambance sama da ƙasa. Duk wanda ya taɓa zaman jira a filin jirgin Kano a watan Janairu saboda an soke tashi ya san abin da ake nufi, to balle a zamanin da ido da agogo da kamfas ne kusan dukkan kayan aikin. Da damina kuma hadari ne ke tasowa tsakanin Legas da Kano, ya tokare hanya.

Ƙura na cin inji. Dole aka riƙa ɗaura wa jiragen matatar iska a ƙarƙashin hanci, aka ƙara musu tankunan mai. Aka kuma riƙa shafa musu farin fenti a baya da wutsiya, don in jirgi ya faɗi a daji masu nema su iya hango shi daga sama. Wannan fenti kaɗai ya isa ya nuna irin asarar da aka sa rai za a yi, kuma an yi ta. Jirgin da ya isa Masar lafiya ma sau da yawa sai an kwance injinsa an gyara kafin a tura shi fagen fama.

Matuƙan ba Ingilishi ne kaɗai ba. Akwai 'yan Poland da yawa da Jamus ta mamaye ƙasarsu, waɗanda aka ba wannan aiki. Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da da yawa daga cikinsu a Takoradi da Legas. In sun kai jirgi, sai a kwaso su a jiragen fasinja a dawo da su su ɗauki wani. Wani abin dariya shi ne, cikin jiragen da ke dawo da su har da na kamfanin Sabena na Beljiyam ƙirar Junkers, wato ƙirar Jamus.

Man da jiragen ke sha kuwa ta ƙasa yake zuwa. Zuwa Kano da sauƙi, tunda jirgin ƙasa ya iso tun 1911. Maiduguri ba ta ga layin dogo ba sai 1964, don haka a gangar ƙarfe ake loda man, manyan motoci su yi ta fama da rairayi da laka. Leburorin da suka faɗaɗa filayen, suka yi dakon gangunan, suka haƙa magudanai, 'yan ƙasa ne.

Jamusawa sun san darajar wannan mai. A Janairun 1942 wani jirgin Heinkel guda ɗaya ya taso daga kudancin Libiya ya yi ruwan bama-bamai a filin Fort Lamy, ya ƙone man da aka ɗauki lokaci ana tarawa. A hanyar komawa shi ma mansa ya ƙare, ya sauka a hamada, sai bayan kwanaki aka ceto mutanen ciki.

Su waye ke jiran jiragen a ɗaya ƙarshen? Daga 1941 kwamandan sojin saman Birtaniya a hamadar yammacin Masar shi ne Arthur Coningham, mutumin da ya sauka a Kano a 1925. Jiragen da ya yaƙi sojojin Rommel da su, har zuwa gumurzun El Alamein a Oktoba da Nuwamban 1942, da yawansu sun sha mai a Kano.

Iyakar da ta raba gida ɗaya

Chadi ta bi de Gaulle, amma Nijar ba ta bi ba. Ita da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa sun tsaya tare da Vichy ƙarƙashin Gwamna Janar Pierre Boisson a Dakar. A Satumban 1940 Birtaniya da mutanen de Gaulle suka kai wa Dakar hari ta ruwa, aka kwana uku ana ɓarin wuta, suka janye ba nasara. Daga nan zumunci ya yanke.

Ga matuƙin da ya tashi daga Kano zuwa Maiduguri, ma'anar wannan a fili take. Iyakar Nijar tana hannunsa na hagu duk tsawon tafiyar, kuma daga Kano jirgi ba ya cin rabin sa'a kafin ya kai ta. Wanda hazo ya ɓatar ya sauka a wancan ɓangaren, tsare shi za a yi. 'Yan Birtaniyan da suka faɗa hannun Vichy a yankin, har da ma'aikatan jiragen ruwan da aka nutsar, an kai wasunsu har Tumbuktu an tsare.

Ga Bagobiri kuwa abin ya fi haka zafi, don shi iyakar ta cikin gidansa ta bi.

Alƙalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a hannun masu jihadi a 1808, kufansa yana yankin Sabon Birni. Bayan yaƙin Gawakuke a 1836 wani ɓangare na gidan sarautar ya kafa Tsibiri, kusa da Maraɗi. Daga baya a ƙarnin ne Ɗan Halima ya ware ya kafa Sabon Birni. Har yau Sarkin Gobir ake kiran mai sarautar Sabon Birni, haka na Isa, haka na Tsibiri. Yarjejeniyoyin da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1904 da 1906, da turakun da Tilho da O'Shee suka kafa tsakanin 1906 da 1908, su suka bar Tsibiri da Maraɗi da Madawa da Ƙonni a hannun Faransa, Sabon Birni da Isa a hannun Ingila.

Shekara 30 bayan haka mutane sun ci gaba da aure da noma da cin kasuwa a tsakaninsu kusan kamar ba a ja layin ba. Gulbin Maraɗi ma bai san da shi ba, yana gangarowa ne ya haɗu da Rima a ƙasar Sabon Birni. Daga 1940 sai ga shi a takarda wa da ƙane suna ƙarƙashin gwamnatoci biyu da ba sa ga maciji.

Birtaniya ta tsuke hanyoyin ruwan da ke kai kaya yankunan Vichy, aka kuma taƙaita ciniki a kan iyaka. A Nijar yadi da sukari da kananzir suka yi wuya, ga aikin tilas da karɓar hatsi da dabbobi da Faransawa suka tsananta. Abin da ya biyo baya ba baƙo ba ne ga duk wanda ya san yankin: fasa-ƙwauri ya bunƙasa, dabbobi na gangarowa kudu, yadi na hawa arewa, mutane kuma na tsallakowa don guje wa wahalar mulkin Faransa. Iyaka mai tsawon haka ba ta tsaruwa da 'yan sandan En'e da 'yan dogarai, kuma su kansu Turawan sun san haka. Ta bakin fatake da sarakunan bakin iyaka suke jin abin da maƙwabcin ke ciki.

Ba a gwabza yaƙi a wannan iyaka ba. An yi zaman ɗar-ɗar ne na fiye da shekara biyu, har zuwa Nuwamban 1942, lokacin da sojojin Amurka da Birtaniya suka sauka a Maroko da Aljeriya, Boisson ya sauya sheƙa.

Wa ya biya?

Jirgin yaƙi kuɗi ne. A faɗin daular Birtaniya an buɗe asusun sayen jirage, aka yanke cewa fam 5,000 ne kuɗin Spitfire guda, wanda ya tara ana rubuta sunansa ko na garinsa a jikin jirgin. Najeriya ta tara abin da ya sa aka laƙaba wa runduna ta 91 ta RAF, wadda aka sake kafawa a 1941 a kudancin Ingila, sunan Najeriya. A Arewa ta hannun sarakuna da baitulmalin En'e aka bi. Sarkin Musulmi Abubakar na Uku bai daɗe da cika shekara guda a kan karaga ba yaƙin ya ɓarke, kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, da aka fara bugawa a Zariya a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ita ce ke kai labarin yaƙin ga masu karatun boko.

An kira kuɗin gudummawa. Amma a tsarin da hakimi ke aika wa dagaci, dagaci ya aika wa mai unguwa, da wuya talaka ya ga bambancin gudummawa da haraji.

Wanda ya fi ciwo shi ne na kuza. Da Japan ta ƙwace Malaya, Singafo ta faɗi ranar 15 ga Fabrairun 1942, Birtaniya ta rasa babbar hanyar samun kuzar da masana'antun yaƙi ke buƙata, har da na jirage. Sai ido ya koma Jos. Daga 1942 zuwa 1944 gwamnatin mulkin mallaka ta ɗebi dubban manoma daga lardunan Arewa, har da Sakkwato, ta tura su ramukan kuza a kan tilas. Diban gwamna aka riƙa kiran abin. Mutumin da ya saba da zafin Rima aka kai shi sanyin tsaunukan Filato ba isasshen bargo, ba isasshen abinci. Da yawa sun mutu, da yawa sun gudu.

Tashar jirgin ƙasa mafi kusa da Isa da Sabon Birni ita ce Ƙauran Namoda, inda layin dogo ya tsaya tun 1929. Ta nan gyaɗa da audugar yankin ke fita, kuma a shekarun yaƙi an matsa wa manoma su ƙara noman gyaɗa saboda Ingila na ƙishin mai. An kwashe majiya ƙarfi daga gona, an karkata ƙasa ga amfanin sayarwa, ga damina ba ta yi kyau ba. Yunwar da aka yi a wajajen 1942 ita ce ake tunawa da ita da sunan 'Yar Gusau.

Wasu kuma soja aka ɗauke su. 'Yan Arewa ne ƙashin bayan rundunar Najeriya, har Hausa ta zama harshen bariki. Sun yi yaƙi da Italiya a Somaliya da Habasha a 1941, sannan aka kai su Bama. A can ne da yawansu suka fara shiga jirgin sama: a 1944 an ɗauki bataliyoyin Najeriya uku a jirage aka sauke su a bayan sojojin Japan, abincinsu da harsashinsu ma daga sama ake jefo musu.

Bayan an watse

Daga ƙarshen 1941 Amurkawa suka shigo hanyar, da farko ta kamfanin Pan American, daga baya sojojinsu suka karɓa, suka ƙara gyara filayen Kano da Maiduguri. Da aka kori Jamus da Italiya daga Arewacin Afirka a watan Mayun 1943, Bahar Rum ta sake buɗewa, aikin harhaɗa jirage a Takoradi ya ja baya kafin ƙarshen shekarar.

Kano ce ta ci riba. Filin da yaƙi ya faɗaɗa ya zama zangon jiragen da ke tsallaka Sahara tsakanin Turai da kudancin Afirka, ya kuma zama ƙofar alhazai, shi ne filin jirgin Malam Aminu Kano na yau. Coningham bai daɗe ba bayan yaƙin. A ƙarshen Janairun 1948 jirgin fasinjan da yake ciki, mai suna Star Tiger, ya ɓace a Tekun Atlantika kusa da Bermuda, ba a ga ko tarkacensa ba.

Ƙasar Gobir ba ta samu fili ba, ba ta samu layin dogo ba. Wanda zai je Sabon Birni daga Kano, tazarar da ba ta kai kilomita 300 a sama ba, har yau sai ya yi doguwar tafiya a mota, a kan hanyoyin da direbobi ke tambayar lafiyarsu kafin su shiga. A Disambar 2021 'yan bindiga suka ƙone matafiya a cikin mota a yankin Sabon Birni. A Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Dubban mutanen yankin sun tsallaka Jihar Maraɗi neman mafaka, suna bin hanyoyin da kakanninsu suka bi a shekarun 1940, sai dai wannan karon daga kudu ake gudu zuwa arewa.

Iyakar ma an sake rufe ta. Bayan juyin mulkin da sojoji suka yi a Yamai a Yulin 2023, Najeriya ta garƙame ta bisa takunkumin ECOWAS, kuma sai a Maris ɗin 2024 aka ba da umarnin buɗewa. Wata bakwai ke nan da Bagobirin Sabon Birni, in zai je biki ko ta'aziyya Tsibiri, sai ya bi ta ɓarauniyar hanya.